Motar ƙauye a arewacin Kamaru: wa zai biya kuɗin kujerar da babu kowa a kai?

Duk wanda ke zaune Garwa ko Marwa ko Ngaundere ya san tafiya tsakanin manyan garuruwan nan uku ta yi sauƙi yanzu in aka kwatanta da da. Ka je ajans, wato kamfanin manyan motocin haya, Touristique Express ce ko Danay Express ko wata daban, ka yanki tikiti, a rubuta sunanka, a ɗaura ma kayanka a sama, ka samu kujerarka kai kaɗai, wasu motocin ma har da sanyi a ciki. Garwa zuwa Marwa kilomita 200 da 'yan kai ne, Ngaundere zuwa Garwa kusan 280, in hanya bata lalace ba ka tashi da safe ka yi azahar a can. Amma ka sauka daga babbar hanya ka ce zaka shiga wani ƙauye bayan Gidar, ko bayan Poli, ko can cikin Mayo Rai, kilomita 40 kacal, to nan ne zaka ga gajeriyar tafiya ta cinye maka wuni guda cur, kuma in ka zauna ka raba kuɗin da ka biya da nisan da aka kai ka sai ka tarar ta fi ta Marwa tsada nesa ba kusa ba. Mai hali yana tafiya mai nisa da araha, talakan ƙauye yana tafiya ta kusa da tsada. Abin nan ya daɗe yana damuna.

In aka tada maganar a majalisa amsa biyu ake bayarwa. Wasu su ce direbobi ne da son kuɗi, wasu su ce hanya ce babu. Dukansu akwai gaskiya a ciki amma ni ina ga basu kai ga gindin abin ba, dan akwai ƙauyukan da hanyarsu lafiya lau take da rani kuma direbobinsu mutanen kirki ne, amma duk da haka mutum bai san yaushe mota zata zo ba, bai san ma ko zata zo ba. Abin da babu shi ne lokaci, wato motar da aka san ƙarfe kaza take tashi ko ta cika ko bata cika ba. Kuma irin wannan motar bata taɓa fitowa daga kasuwa da kanta, sai an samu wanda ya ɗauki nauyin kujerun da suka tafi wayam.

Mu fara da yadda tasha take aiki, dan wanda bai gane lissafin direba ba zai ta zaginsa ne a banza. Motoci suna bin layi, wadda ta riga shigowa ita ke lodi, sauran su jira, 'yan kamasho suna kiran fasinja suna karɓar nasu, sandika, wato ƙungiyar direbobi, yana karɓar nashi, komin, wato ƙaramar hukuma mai tashar, ita ma tana da nata. Direban nan galibi motar ba tashi bace, akwai kuɗin da zai kai ma mai mota da yamma ko an yi ciniki ko ba a yi ba. A hanya in akwai peyaj, wato shingen biyan kuɗin hanya, faran 500 ne duk wucewa, ga shingaye, ga asurans (inshora), ga bizit (duba lafiyar mota), ga taya da hanyar birji ke ci kamar me. Sai mai. A watan Fabrairu 2023 gwamnati ta ɗaga litar esans (fetur) daga faran 630 zuwa 730, gazuwal (dizal) daga 575 zuwa 720, shekara na zagayowa a Fabrairu 2024 aka sake ɗagawa, esans 840 gazuwal 828. To a ce, misali kawai, ƙauyen yana kilomita 60, zuwa da dawowa 120, a ce tsohuwar Hiace ta sha lita 15 na gazuwal a wannan tafiyar, kuɗin mai kaɗai ya haura faran 12,000 tun ba a taɓa maganar kowa ba. In ya tashi da mutum shida, wallahi daga aljihunsa zai cika. Shi yasa in tsohuwa ta ce masa "direba ɗana, rana fa tana yi", amsar kullum ɗaya ce, "Inna ki yi haƙuri, saura mutum huɗu." Ba mugunta bace, lissafi ne. Kuma wannan lissafin ne yake sa a cusa mutum huɗu a kujerar uku, a ɗora buhuna a sama har mota ta karkace, dan dawowar ba tabbas, wataƙila wayam zai dawo.

Akwai abu biyu da wannan tsarin na sai-ta-cika yake haifarwa waɗanda ba a cika lura dasu ba, kuma a ganina su ne suka fi ɓarna.

Na farko, mota in ta tashi a cike daga tasha to duk ƙauyukan da ke kan hanya an yanke su. Mutum yana tsaye bakin titi da buhun gyaɗarsa, motoci suna wucewa ta gabansa ɗaya bayan ɗaya, yana ɗaga hannu direba yana juya masa tafi alamar ba wuri. Garinsu yana kan hanya, a taswira kam za a ce ai suna da mota, amma a zahiri sai in wani ya sauka daidai wajen sannan zai samu. Shi yasa zaka ga mutum ya hau mashin ya koma baya zuwa tashar gari dan ya samu kujerar motar da zata sake bi ta ƙofar gidansu.

Na biyu shi ne yadda abin ke cin kansa da kansa. Jira ya yi yawa, sai mai sauri ya haƙura ya ɗauki kilando, wato mashin haya. Duk wanda ya ɗauki kilando an rage mutum ɗaya daga cikin waɗanda zasu cika motar, sai motar ta ƙara daɗewa bata cika ba, sai wani ma ya gaji ya tashi ya hau mashin. A haka a haka har direban ya ga layin nan baya biya ya koma Garwa zuwa Gidar inda fasinja ke zuwa da kansu, ƙauyen kuma ya zama sai mashin, wanda kuɗinsa ya ninka na mota. Waɗanda aka bari a ƙasa su ne waɗanda basu iya hawa mashin ko basu da kuɗinsa, tsofaffi, mai tsohon ciki, mara lafiya, mace mai yara uku, mai kaya masu nauyi. Mutanen nan suna nan, buƙatarsu tana nan, amma sun watsu cikin wuni, ɗaya da hantsi ɗaya da azahar, babu abin da zai tara su a sa'a ɗaya. Da sun san ƙarfe bakwai mota ke wucewa da duk ƙarfe bakwai zasu fito, kuma da motar ta kusa cika. Lokacin da aka tsayar shi kansa yana tara fasinja, sai dai kafin mutane su yarda cewa da gaske ne motar zata riƙa zuwa, sai ta yi watanni tana tafiya da rabin kujeru, kuma babu direban haya da zai iya jure wannan asarar.

Hujja a kan haka tana gabanmu, ranar kasuwa. Lahadi Pitowa da Mora, Litinin babbar kasuwar Marwa, Laraba Mokolo, Alhamis kasuwar shanu ta Bogo da ta Adumri. Ranar kasuwa babu wanda ke neman mota ya rasa, tun asuba motoci da a-kori-kura da keke mai ƙafa uku ke shiga ƙauyukan da sauran kwana shida ko ƙurar taya basa gani. Me ya canja? Hanyar dai ita ce, direbobin su ne. Abin da ya canja kowa ya san lokaci, fasinja ya san mota zata zo, direba ya san zai samu mutane. Kakanninmu sun tsara kasuwanni ta yadda zasu riƙa zagayawa gari-gari, kuma har yau wannan shi ne kaɗai jadawalin sufuri da karkararmu take da shi. Matsalar ita ce naƙuda bata jiran ranar kasuwa, jarrabawa ma haka, ranar da alƙali ya sa a zo kotu ma haka.

Dalilin da yasa babbar hanya ta samu ajans ƙauye bai samu ba, tarihi ne. Jirgin ƙasa ya iso Ngaundere a 1974 kuma nan ya tsaya har yau, Camrail ce ke riƙe da shi tun 1999. Wanda ya sauko daga jirgin Yawunde zai wuce arewa da kaya masu yawa da zasu wuce Cadi suna hawa hanyar ƙasa mai lamba 1, Ngaundere, Garwa, Marwa, Mora, Kuseri, a tsallaka gadar Ngeli a shiga Njamena. Komai na arewa an jera shi ne a kan wannan layin guda, kuma fasinja na kwarara a kansa dare da rana, dan haka ɗan kasuwa ya ga riba ya zuba manyan motoci. Hanyoyin da suka shiga ciki kuwa da yawansu dan auduga aka yi su. Sodecoton, wadda aka kafa a 1974 mai hedikwata a Garwa, ita ce ta daɗe tana gyara hanyoyin karkara masu yawa, kuma Allah ya sani ba dan ita ba da wasu garuruwan sun rufe, amma kamfanin auduga ne, hanyar da zata gyara ita ce wadda babbar motar kaya zata bi ya kwaso auduga zuwa injin gurza, lokacin da zata gyara kuma gab da kakar saye ne. Ba laifinta bane. An tsara hanyoyin ne dan kaya su fita, ba a taɓa zama an tsara su dan mutum ya je asibiti ya dawo gida a wuni ɗaya ba.

Game da mashin, bana cikin masu zagin 'yan kilando. Yaran nan su suka riƙe karkara, su ke shiga inda mota bata shiga, su ake bugawa waya ƙarfe biyun dare, kuma sana'ar ta ɗauke samari dubbai daga zaman banza tun bayan da tattalin arziki ya karye aka kuma karya darajar sefa a Janairu 1994. Amma ƙasar da ta jingina duk sufurin karkararta a kan mashin ta jingina ne a kan abu mai rauni, kuma mun gani sau biyu. A 2014 da rikicin Boko Haram ya yi tsanani hukuma ta taƙaita zirga-zirgar mashin a sassan jihar Arewa Mai Nisa saboda maharan da shi suke amfani, dare ɗaya ƙauyuka suka koma tafiyar ƙafa da jaki, dan babu wani abu na biyu. Sai kuma ranar 29 ga Mayu 2023 da Tinubu ya ce an cire tallafin mai a Najeriya. Shekara da shekaru mashinan arewa da ƙananan motoci da zuwa-zuwa suke tafiya, man da ake shigowa da shi ta kan iyaka ana sayarwa a kwalabe bakin titi, mai arha fiye da na gidan mai, kuma a ƙauyuka da yawa ma babu gidan man sam. Da farashi ya tashi a can sai ya tashi a nan, kuɗin hawa ya bi shi. Wato abin da ke sa talakan Mayo Luti ko Mayo Tsanaga ya iya biyan kuɗin mashin ashe tallafin wata ƙasa ne, ranar da suka janye babu wanda ya tambaye mu.

Sai damina. Daga Yuli zuwa Satumba lissafi gaba ɗaya canjawa yake. Mayo, wato kogin da kake tsallakewa da ƙafa a kan yashi da rani, ruwa ɗaya zai sa ya cika ya batse, a tsaya a jira ya janye, wani lokaci awa biyu wani lokaci kwana. A hanyoyin birji akan rufe shingen ruwan sama dan manyan motoci kar su kwaɓe hanya, kuma dokar tana da kyau in ana bin ta. Yankin ƙasar karal kuwa, baƙar laka ta wajen Logon da Waza, in ta jiƙe ko mashin sai an ɗauke shi a kafaɗa. Gadar Palar a Marwa ta karye a 2020, ambaliyar 2024 ta ci gada a cikin garin Yagwa ta raba shi biyu. Hanyar Mora zuwa Dabanga zuwa Kuseri, kimanin kilomita 200, ita kam labarinta ya isa littafi, aiki ya tsaya tun da aka sace ma'aikatan kamfanin Sin su 10 a Waza a watan Mayu 2014, a 2018 aka miƙa wa sojoji masu aikin gini da kuɗin Bankin Duniya, shekaru suka ta tafiya matafiya na shan wuya. To in babbar hanyar da ta haɗa ƙasa biyu haka ta kasance, mai jiran a shimfiɗa kwalta har ƙauyensu kafin a fara maganar mota zai daɗe yana jira.

Kuma ba sai an yi kwaltar ba. Wanda ya saba bin hanyoyin nan ya san cewa a kilomita 40 yawanci wuri uku ne ko huɗu ke hana mota wucewa, wani kwalbati da ya rufta, wani mashigin mayo da ke son a zuba masa kankare, wani kwari da ruwa ke kwanciya. Sauran hanyar mota tana bi ko da a hankali. Gyaran waɗannan wuraren bai kai kuɗin kwaltar kilomita kaɗan ba, amma ba a cika son irin wannan aikin ba dan babu bikin buɗewa a cikinsa.

Wa ke biyan kuɗin rashin motar? Dan fa ana biya, kawai ba a rubuta shi a kasafin kowa bane. Binciken gwamnati na 2014 ya nuna kashi 74 cikin ɗari na mutanen Arewa Mai Nisa suna cikin talauci, jihar Arewa kusan kashi 68, kuma mafi yawansu a karkara suke. Tun wajen 2015 aka kawo tsarin cek sante, wato takardar kula da lafiyar masu ciki, a jihohin arewa uku, mai ciki ta biya faran 6,000 a duba ta har haihuwa, har tiyata in ta kama. Tsari ne mai kyau ƙwarai. Amma matar da ke kilomita 30 daga asibiti, awo huɗu ko fiye da ake so ta je, kowane zuwa kuɗin mashin ne zuwa da dawowa, ita da mai raka ta, sai ka ga kuɗin hanya ya ninka kuɗin takardar, sai ta je sau ɗaya ta bari. Yaron da ya gama firamare, lise, wato sakandare, tana hedikwatar arondisma (gunduma), ko dai a nema masa gidan da zai zauna a gari ko ya bar karatu, in yarinya ce kuwa mun san wanne iyaye suka fi zaɓa, kuma ban ga laifin uban da ke tsoron tura 'yar shekara 13 gidan da bai sani ba. Manomin albasa ko gyaɗa ko masara da bai da yadda zai kai buhu biyar kasuwa dole ya sayar ma wanda ya shigo da mota har gona, a farashin da mai motar ya yanka. Malamin makaranta da nas da aka tura ƙauye suna gudu su dawo gari, ana cewa basu da kishi, alhali mutum yana tunanin in ɗansa ya kwana da zazzaɓi da me zai fitar da shi. Ko katin ɗan ƙasa da takardar haihuwa, mutane nawa ne basu dasu kawai dan zuwa ofis sau uku ya fi ƙarfin aljihunsu.

To sai a ce gwamnati ta sayo bas mana. Nan ne nake rabuwa da 'yan uwa da yawa. An taɓa yi. SOTUC kamfanin gwamnati ne da aka kafa a 1973, ya yi aiki a Duwala da Yawunde kaɗai, arewa ko ƙyallinsa bata gani ba, kuma a 1995 aka rufe shi da bashi a wuya. Daga baya Duwala ta samu Socatur a 2001, Yawunde an gwada kamfani bayan kamfani suna faɗuwa. Sayen mota shi ne mafi sauƙi a cikin harkar, rana ɗaya ne, a jera su a ɗauki hoto. Wahalar tana wajen kayan gyara, bakanike, albashi a kan kari, man da ba za a zuƙe a sayar ba, kuɗin tikitin da zai shiga asusu ba aljihu ba. Maƙwabtanmu na Najeriya sun fi mu gwadawa, jihohi suna da nasu, Borno Express, Adamawa Sunshine, Gombe Line, kuma sun taimaka wajen rage ma mutane tsada, amma ka duba inda motocinsu suka fi bi, tsakanin manyan garuruwa ne, dan su ma ana so su ciyar da kansu, kuma duk motar da aka ce ta ciyar da kanta inda fasinja yake zata nufa. Ƙauye dai ya sake zama a baya.

Ƙasashen da suka warware wannan basu warware shi da fatan motar ƙauye zata yi riba ba. A Suwizalan motocin gidan waya masu launin ɗorawa tun 1906 suke aiki, suna hawa har ƙauyukan kan duwatsu, kuma hukuma ce ke cike giɓin kuɗin layukan da basa biyan kansu. A Faransa tun farkon shekarun 1970 akwai harajin da masu ɗaukar ma'aikata ke biya musamman dan sufurin jama'a. Na san za a ce su masu kuɗi ne, gaskiya ne, ba motocinsu nake so mu kwaikwaya ba. Abin ɗauka shi ne rabon aikin, hukuma ita ke cewa ga layi, ga lokutan tashi, ga kuɗin da fasinja zai biya, sai ta ba mai mota kwangila ya yi tafiyar, ta biya shi abin da tikiti bai rufe ba. Hukuma bata sayen mota, tafiya take saye.

Kuma dokarmu bata hana ba. Dokar raba iko ta Disamba 2019 ta ba komin kula da tashoshin mota da hanyoyin karkara, ta ba jihohi hannu a tsara sufuri tsakanin garuruwa, ta kuma yarda komin biyu ko fiye su haɗu su kafa ƙungiya dan aikin da ya shafe su tare. An zaɓi majalisun jihohi a Disamba 2020. Asusun gwamnati na FEICOM na nan tun 1974 tana ba komin kuɗin ayyuka. Abin da ya rage shi ne wani magajin gari ya ga cewa mota mai lokaci aiki ce kamar rijiyar burtsatse ko aji biyu na makaranta. Kuma dole sai an haɗu, dan hanyar ƙauye bata san iyakar komin ba, ta fara a wannan ta ƙare a waccan, kowanne magajin gari yana ganin ai rabin amfanin na maƙwabcinsa ne, sai kowa ya naɗe hannu.

Yadda nake hango shi ba wani babban abu bane. A ɗauki layi biyu ko uku a dapartama (lardi) ɗaya, waɗanda suka haɗa ƙauyuka masu jama'a da garin da ke da asibiti da lise da kasuwa. Mota ta kwana a ƙauye, ba a gari ba, wannan muhimmi ne, ta taso bayan sallar asuba ta iso gari kafin a buɗe ofisoshi da makaranta, ta koma bayan la'asar. Ta taso da wasu kujeru a buɗe dan mutanen kan hanya. Masu motar su zama direbobin da ke tashar yanzu ta hannun sandikansu, dan in ka kawo baƙo ka ce zai ƙwace musu layi to ka sayi rigima, kuma suna da gaskiya, abincinsu ne. A biya su a kan kowace tafiya da aka yi a kan lokaci, ba a kan wata ba, wanda bai tashi ba babu kuɗi. Tabbatarwa yanzu ba wuya, waya mai nuna inda mota take ta wadatar, ga lawan ko jauro da shugaban asibitin ƙauye da zasu sa hannu, biyan kuma ta Orange Money ko MoMo kai tsaye zuwa ga mai mota dan kar kuɗin ya bi ta hannu bakwai. Ranar kasuwa ba sai an tallafa ba tunda tana biyan kanta, sauran kwanakin ne ake saye. 'Yan kilando kuma ba a kore su ba, aikinsu ya koma kawo mutane daga ƙauyukan ciki zuwa bakin layi a lokacin da aka san mota zata wuce, gajeriyar tafiya mai yawa maimakon doguwa guda ɗaya mai haɗari da buhu uku a baya.

Akwai abubuwan da zasu iya kashe shi kuma gara a faɗe su tun yanzu. Komin ɗinmu da yawa ko albashin ma'aikatansu da ƙyar suke biya, kuɗin da ake turowa daga Yawunde yana makara, kuma mai mota in aka riƙe masa kuɗi wata biyu zai koma sai-ta-cika, daga ranar da mota ta fasa zuwa sau biyu kuwa mutane sun daina yarda, sai an sake farawa daga tushe. Dan haka kuɗin shekara guda ya kamata a ware a ajiye kafin a fara, in babu gara kar a fara. Ana iya mayar da kwangilar ta zama rabon 'yan siyasa, a ba ɗan uwan wane layi ko mota bai da ita. Shingayen hanya in basu ragu ba duk jadawalin da aka rubuta zai watse, dan motar da za a tsayar sau biyar a kilomita 50 bata da ikon cika alkawarin lokaci, wannan kuma sai prefe, wato shugaban dapartama, da manyan jami'an tsaro sun shigo cikin maganar tun farko. Akwai kuma yankunan da tsaro ne kan gaba, bakin iyaka a Mayo Sava da Mayo Tsanaga da Logon da Shari, da wuraren da masu garkuwa da mutane suka addaba wajen Tuboro, inda motar da kowa ya san lokacinta zata iya zama abin hari. Mun ga zamanin zargina masu tare hanya, ranar kasuwa suka fi so saboda wannan dalilin. Irin waɗannan wuraren ba da su za a fara ba.

Amma tsakanin Garwa da Gidar da Figil da Kayele da Lagdo akwai layuka da yawa da babu abin da ya hana a gwada. A fara da rani, Nuwamba zuwa Mayu, lokacin da hanya ke biyuwa, a riƙa rubuta mutum nawa suka hau kullum da inda suka sauka, dan a yanzu duk maganar da muke yi a kan yawan matafiyan karkara da ka muke yin ta. In damina ta zo, wuraren da motar ta maƙale su ne jerin kwalbatocin da komin zata sa a kasafin shekara mai zuwa, kuma lissafin fasinjan wata bakwai ɗin shi za a ɗora a teburin majalisar jiha a ce ga abin da aka kashe, ga mutanen da aka ɗauka, a ƙara layi ko a gyara wanda bai yi ba.